Hannun Wa Ya Yi Shi? Allolin Sana'a na Babila, Annabi Ishaya da Masu Sana'ar Kumasi

A tsohuwar Babila, idan aka gama sassaƙa gunki, akan kirawo masu sana'ar da suka yi aikin a tsai da su a gaban firist. Sai a ɗaure hannuwansu da ƙyalle, a ɗauko wuƙar itace a yi kamar an datse su. Daga nan kowannensu ya rantse cewa ba shi ya yi gunkin ba, allahn sana'arsa ne ya yi. Maƙeri ya ɗora aikin a kan allahn ƙira, masassaƙi kuma a kan allahn sassaƙa. Tun jiya ma an riga an ɗinke gatari da zarto da sauran kayan aikin a cikin cinyar rago, an jefa su kogi. Da safe babu kayan aiki, babu hannu, babu shaida. Saura gunki kaɗai, wanda za a ce a sama aka haife shi.

Wannan al'ada ita ce zuciyar wani littafi da Michael Dick, malamin Littafi Mai Tsarki a Amurka, ya tattara a 1999, mai suna Born in Heaven, Made on Earth, wato abin da aka haifa a sama amma aka ƙera a ƙasa. Babi huɗu ne. A na farko Dick ya bincika yadda annabawa suka yi wa masu yin gumaka ba'a. A na biyu shi da Christopher Walker na gidan tarihi na Biritaniya suka fassara rubutun al'adar Babila. Sauran biyun suna magana a kan Masar ta dā da Indiya ta zamaninmu. A 2001 Walker da Dick suka buga cikakken rubutun a Helsinki.

Littafin ya kai ƙarar annabawa, kuma ƙarar ba ta wasa ba ce. Ta shafe mu, domin mu masu bi da ke Zangon Kumasi muna zaune a tsakiyar masu sana'a: dukawa, maƙera, masassaƙa, masu zubin tagulla. Waɗansunsu 'yan'uwanmu ne cikin ikilisiya. Abin da muka fahimta daga Ishaya 44 shi ne abin da za mu faɗa musu ranar Lahadi.

Allolin da suke riƙe da kayan aiki

Ƙasar da ake kira Mesofotamiya tana tsakanin kogin Taigiris da kogin Yufiretis, yawancinta a Iraƙi ta yau. Mutanenta sun yi rubutu a kan allunan yumɓu, shi ya sa maganarsu ba ta ruɓe ba. Da aka tona rumbun littattafan Sarki Ashurbanifal a Nineba, wajen 1850 zuwa 1853, aka sami dubban alluna, a cikinsu har da na wannan al'ada. A 1925 Sidney Smith ya buga wani allon daga Babila mai bayyana tsarinta daki-daki.

A wurin mutanen nan kowace sana'a tana da mai ita a cikin alloli. Babbansu shi ne Ea, wanda Sumeriyawa suke kira Enki, allahn hikima da ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai Ninildu masassaƙi, da Ninagal maƙeri, da Kusigbanda maƙerin zinariya, da Ninkurra da Ninzadim masu aikin duwatsu masu daraja. Kulla shi ne allahn tubali, Uttu kuma allahiyar saƙa. Allunan sukan ce Ninagal shi ne Ea na maƙera, Ninildu kuma Ea na masassaƙa. Ashe ba wasu alloli dabam ba ne sosai, hikimar Ea ce ta shiga kowace rumfa ta sa rigar aikin wurin.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ƙwarai ba. Mun san Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa, mun san ƙira gado ce mai asirinta, mun kuma ji labarin cewa Abagayawa, maƙeran da suka zo neman tama a gindin Dala, suna cikin waɗanda suka fara zama a Kano. Ko'ina mutum ya ga dutse ya shiga wuta ya fito ƙarfe, yakan ji cewa wannan ya fi ƙarfin wayonsa.

Amma babban aikin allolin sana'a a Babila ba koyar da sana'a ba ne. Aikinsu shi ne su karɓi aikin daga hannun mutum. Wani allon dutse da Hormuzd Rassam ya tono a Siffar a 1881 ya nuna haka. Maƙiya sun lalatar da siffar Shamash, allahn rana, aka yi fiye da shekara ɗari ba a yi wata ba, domin ba wanda yake da iko ya ƙago kamannin allah daga kansa. Sai a zamanin Sarki Nabu-afla-iddina, a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu (K.H.), wani firist ya kawo ɗan samfurin yumɓu da ya ce an tsinta a bakin Yufiretis. Sa'an nan aka yi sabuwar siffa, allon kuwa ya ce da gwanintar Ea da Ninildu da Kusigbanda da Ninkurra da Ninzadim aka yi ta.

Wankin baki

Sunan al'adar a harshen Akkad shi ne mis fi, wato wankin baki, wani sashenta kuma buɗe baki. Kwana biyu ake yi. Ana farawa a ɗakin aiki na haikali, inda aka sassaƙa jikin gunkin da itace, aka dalaye shi da zinariya ko azurfa, aka sa masa idanu na duwatsu. Daga nan a ɗauke shi da fitilu zuwa bakin kogi, inda ake mayar wa Ea da kayan aikin. Sa'an nan a kai shi wani lambu da aka kafa bukkokin kara, ya kwana a ƙarƙashin taurari tare da sauran alloli, kamar jaririn da aka kai wa dangi su gani. Ana wanke bakinsa da ruwa mai tsarki da zuma da man shanu da itacen al'ul. A tsarin Babila sau 14 ake yin haka. Kashegari masu sana'a su yi rantsuwarsu, firist ya raɗa wa gunkin a kunne cewa daga yau yana cikin 'yan'uwansa alloli, a raka shi haikali ya hau gadonsa. Addu'o'in sun faɗa a fili cewa kafin a buɗe bakinsa ba ya jin ƙanshin turare, ba ya ci, ba ya sha.

Mai karatu ya lura da wannan magana ta ƙarshe. Firistocin Babila sun san itace ba ya cin abinci. Sun san hannun mutum ba ya iya yin allah. Sarki Esarhaddon, wanda sunansa yake cikin 2 Sarakuna 19:37, ya bar mana shaidar wannan damuwa. Ubansa Sennakerib ya rushe Babila a 689 K.H., aka kwashe Marduk zuwa Assuriya. Da Esarhaddon ya tashi gyaran gumakan, ya yi kuka ga allolinsa cewa aikin ya fi ƙarfin 'yan adam, waɗanda ba su san kansu ba balle su yi allah. Ta wurin duba aka zaɓi masu aikin da wurin da za a yi shi, rubutunsa kuma ya ce haihuwar gumakan aka yi. A 668 K.H., bayan mutuwarsa, Marduk ya koma Babila.

Ƙarar da aka kai

A kan wannan Dick ya kafa ƙararsa. Ya ce ba'ar da ke cikin Ishaya 44 da Irmiya 10 ba ta yi wa mutanen Babila adalci ba. Annabawa sun nuna su kamar wawayen da ba su san bambancin gungume da allah ba, alhali kuwa sun sani. Shamash yana da siffa a Siffar, yana da wata a Larsa, kuma kowace safiya yana fitowa a sararin sama. Lokacin da siffarsa ta ɓace ba wanda ya ce rana ta mutu, aka ci gaba da miƙa hadaya a gaban wata alamar rana. Thorkild Jacobsen ya riga ya bayyana haka a 1987: a tunaninsu gunkin allah ne, kuma ba shi ne iyakar allahn ba. Dick ya ƙara da cewa sandan da annabawa suka ɗauka zai iya dukan Isra'ila ma, gama akwatin alkawari da Haikali duk mutane ne suka yi su da itace da zinariya.

Dole mu karɓi rabin wannan ƙara, amma mu ɗora ta inda ta dace. Ta dace da wa'azinmu. Sau da yawa mai wa'azi yakan karanta Ishaya 44, ya kwaikwayi mutumin da ke gasa nama, jama'a su yi dariya, kowa ya koma gida yana jin ya fi maƙwabcinsa wayo. Mutanen da suka lissafta tafiyar taurari, suka raba da'ira kashi 360, har yau muna amfani da lissafinsu na sittin a agogonmu, ba wawaye ba ne. Wanda ya rena hankalin maƙwabcinsa ba zai iya yi masa bishara ba, domin maƙwabcin ya san an yi masa ƙarya. A nan littafin ya yi mana alheri, ko da yake alherin yana da ɗaci.

Inda ƙarar ta faɗi

Sauran rabin ƙarar bai tsaya ba, saboda dalilai uku.

Na fari, Dick ya auna zambo da mudun tarihi. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana yi wa abokin gaban sarki zambo ya san ba a neman cikakken tarihin mutum a ciki. Abin da ake tambaya shi ne, ya sami wurin ciwon ko bai samu ba? Zambon da ya kuskure, mai yinsa ake yi wa dariya. To, mu duba inda annabin ya sa yatsa.

Surori 40 zuwa 55 na Ishaya suna magana da kamammun da ke Babila. A 597 K.H. Nebukadnezzar ya kwashe mutanen Urushalima, kuma 2 Sarakuna 24:16 ya lissafta masu sana'a da maƙera dubu ɗaya a cikinsu. Masu sauraron annabin ba baƙin ɗakin aiki ba ne. Sun san zafin zuga-zugi, sun ga ana zagawa da Bel da Nebo a bikin sabuwar shekara. Masana da yawa suna ganin cewa wata kalma mai wuya a Ishaya 40:20 sunan wani itace ne mai tsada da aka aro daga harshen Akkad. Wanda ya san sunan itacen bai jahilci aikin ba.

Yanzu mu bi tsarin sura 44. Al'adar Babila tana tafiya gaba, daga ɗakin aiki zuwa kogi, zuwa lambu, zuwa haikali, a kowane zango tana share sawun mutum. Annabin kuwa baya yake komawa, yana tono sawun. Ya fara da faɗin cewa masu aikin mutane ne kawai (aya 11). Ya nuna maƙeri a bakin wuta da gudumarsa, yunwa ta kama shi, ƙishi ya galabaitar da shi. Ya koma wurin masassaƙi da igiyar awonsa. Ya ƙara komawa baya zuwa jeji inda aka sare itacen, har zuwa ranar da aka dasa shi, har zuwa ruwan sama da ya rayar da shi. Gatarin da aka jefa kogi, annabin ya tsamo shi. Hannun da aka datse da wuƙar itace, ya mayar wa mai shi. A ƙarshe ya ce abin da yake hannun daman mutumin ƙarya ne (aya 20). Addu'o'in Babila suna yabon itacen cewa daga kurmi mai tsarki ya fito. Annabin ya tambaya, ina sauran rabinsa? An hura wuta da shi, an toya gurasa.

Haka ma sauran nassoshi. Irmiya 10:14 da Zabura 135:17 sun tsaya a kan rashin numfashi. Zabura 115 ta ambaci baki da hanci. Habakkuk 2:19 yana magana a kan mutumin da ke tashin itace daga barci. Baki, hanci, numfashi, farkawa: waɗannan su ne ainihin abubuwan da wankin baki yake alkawarin bayarwa. Annabawa ba su kasa gane koyarwar Babila ba. Sun gane ta, suka ƙi ta. Jayayyar ba a kan ko gungume allah ne ba, gama kowa ya yarda ba shi ba ne. Jayayyar ita ce, akwai wata al'ada da za ta iya sa Allah ya zauna a cikin abin da muka yi, har mu riƙe shi, mu ciyar da shi, mu ɗauke shi? Babila ta ce akwai. Ishaya 46 ya amsa da hoto: Bel da Nebo kaya ne a bayan dabbobin da suka gaji, Ubangiji kuwa shi ne yake ɗauke da jama'arsa tun daga ciki har furfura.

Na biyu, sandan da Dick ya ce zai iya dukan Isra'ila, annabawa sun riga sun dake ta da shi. Da Isra'ilawa suka ɗauki akwatin alkawari zuwa yaƙi kamar laya, Filistiyawa suka ƙwace shi (1 Sama'ila 4). Macijin tagulla Musa ne ya yi shi bisa ga umarnin Allah, amma da jama'a suka fara ƙona masa turare Sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikali ya gargaɗi masu dogara ga ginin (Irmiya 7). Mutumin da ya fara share gidansa, ba za a ce masa mai son kai ba idan ya nuna dattin titi.

Na uku, littafin bai tsaya sosai a kan abin da annabin ya sa a madadin gunki ba. A sura 44 ɗin nan, kalmar da aka mora don masu siffata gumaka ita aka mora don Allah, wanda ya siffata Isra'ila tun daga ciki (aya 2, 21, 24). Catherine McDowell, a littafinta na 2015, ta kwatanta wankin baki da Farawa 2. A can ma akwai mai sana'a, da ƙasa, da lambu, da kogi, da numfashi a hanci. Amma an juya aikin. Allah ne mai sana'ar, mutum ne siffar. Wanda yake neman siffar Allah a Kumasi ba sai ya je ɗakin tsafi ba, ya dubi mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetiya.

Bezalel da Haruna

Littafin Fitowa ya jera mana masu aiki biyu kusa da juna. A sura 31 Allah ya kira Bezalel ɗan Uri, na kabilar Yahuza, da Oholiyab na kabilar Dan, ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da dutse da itace. Sana'o'in da Babila ta raba wa alloli biyar, ga su a hannun mutum mai suna, mai uba, mai kabila. Ba a datse hannunsa ba. Sura 37 ta faɗa a fili cewa shi ya yi akwatin. Gwanintarsa baiwa ce daga sama, aikin kuwa nasa ne, kuma akwatin bai zama Allah ba.

A sura 32 kuma ga Haruna. Aya 4 ta nuna shi ya karɓi zinariya ya siffata maraƙi. Da Musa ya tuhume shi, a aya 24, sai ya ce shi dai wuta ya zuba wa zinariyar, maraƙin ya fito da kansa. Wannan ita ce rantsuwar maƙerin Babila a bakin firist na Isra'ila. Haka kuma a Afisa, inda Dimitiriyas maƙerin azurfa ya ta da tarzoma saboda Bulus ya ce abin da hannu ya yi ba allah ba ne, magatakardan gari ya kwantar da jama'a da tuna musu cewa abin da ke haikalin Artimas daga sama ya faɗo (Ayyukan Manzanni 19:35). Duk inda ake so a ba aikin hannu ikon Allah, sai an fara ɓoye hannun.

A nan gida

Kasawar littafin a gare mu ita ce, da ya nemi misali mai rai sai ya tafi Indiya, bai waiwayi Afirka ta Yamma ba. Da ya zo ƙasar Asante, waɗanda fataken goro suke kira Tonawa, da ya sami abin nazari. R. S. Rattray, a littafinsa na 1927 a kan addini da sana'ar Asante, ya bayyana yadda masassaƙi yake roƙon itace da ƙwai kafin ya sare shi, yana kuma zuba wa kayan aikinsa jinin kaza domin kada su yanke shi. Kujerar Zinariya, Sika Dwa Kofi, bisa ga tarihin Asante Okomfo Anokye ne ya sauko da ita daga sama wata ranar Jumma'a, a zamanin Osei Tutu, wajen 1700. Da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa ita a 1900, Yaa Asantewaa ta ta da yaƙi. A 2024, shekara 150 bayan sojan Ingila sun washe fadar Kumasi a 1874, waɗansu kayan zinariya na sarauta sun dawo Manhyia, kuma duk wanda ya ga yadda aka tarye su ya san ba nauyin zinariya ake murna da shi ba.

A nan darasin farko na littafin ya kama mu. Kada mu yi gaggawar kiran kowane abu gunki. Asante ba su ce Kujerar ita ce Mahalicci ba, sun ce ran al'ummarsu yana cikinta. Onyame kuwa ba su sassaƙa masa siffa ba. Peter Kwasi Sarpong, wanda ya shugabanci Katolika na Kumasi daga 1970 zuwa 2008, ya rubuta littafi a kan kujerun Akan a 1971 domin masu bi su san abin da suke magana a kai. Ko mun yarda da shi a kome ko ba mu yarda ba, hanyarsa daidai ce: ka tambayi mai abu ma'anar abinsa kafin ka yanke hukunci. Mu baƙi ne a ƙasar nan, baƙo kuwa idonsa ya kamata ya riga bakinsa.

Muna da namu kuma. Da Thomas Bowdich ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da malaman Musulmi suna rubuta layu, manyan Asante suna saye da tsada. Babbar rigar yaƙi ta Asantehene, batakari kese, cike take da layu da aka ɗinke cikin fata da azurfa da zinariya. Malami ya rubuta, baduku ya ɗinke, daga ranar da aka rufe bakin fatar ba a ƙara buɗewa. Su kansu malaman Musulunci sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Tarihin Kano ya ba da labarin Dirki, abin da aka naɗe da fatu ana yanka masa shanu shekara da shekaru, har Sarki Alwali ya sa aka buɗe shi, aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Rubutun da aka yi domin a karanta, fata ta rufe shi ya zama abin yi wa yanka.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. A 1920 Samson Oppong ya ratsa ƙasar Asante yana wa'azi, dubban mutane suka ƙone layunsu suka shiga ikilisiyar Metodis. Amma shi kansa yana ɗauke da wani dutse da ya ce daga cikinsa yake karanta nassi, abin da ya sa waɗansu masu bi suka yi shakkarsa. Yau kuma ana sayar da mai da ruwa da hankici da takardar mannawa a mota, a ce an yi musu addu'a sun zama kariya. Man nan a kasuwa aka saye shi, kwalbar a kamfani aka yi ta, amma mai sayarwa ba ya so a tuna da haka. Littafi Mai Tsarki da ake turawa ƙarƙashin matashi ba a buɗewa, me ya raba shi da Dirki? Addu'a a kan mai domin mara lafiya tana cikin Yakubu 5:14, amma can dattawa ake kira, Ubangiji ake roƙo, ba a kuma ce a kawo kuɗi ba. Wankin baki bai mutu da Babila ba, ya koyi faɗin amin.

To, me za mu faɗa wa ɗan'uwa masassaƙi a Ahwiaa, ko mai zubin tagulla a Krofrom, ko maƙeri a Suame, ko baduku a Aboabo? Da farko mu faɗa masa cewa sana'arsa ba ƙazanta ba ce. Ruhun da ya cika Bezalel bai ji ƙyamar gizago ba, Ubangijinmu ma a gidan masassaƙi ya girma, aka kuma san shi da sana'ar (Markus 6:3). Sa'an nan mu ba shi tambayar da za ta taimake shi a ranar da aka kawo masa aiki mai wuyar ganewa: bayan na gama, zan iya tsayawa a gaban kowa in ce ni na yi, ga itacen da na saya, ga kuɗin da aka biya ni, abin kuma bai rasa darajarsa ba? Kujerar zama, da ganga, da zoben sarauta, da gicciyen da ke majami'a, duk suna jure wannan tambaya. Abin da ba ya aiki sai an ɓoye wanda ya yi shi da abin da ke cikinsa, shi ne abin gudu. Tambayar ba za ta warware kowace matsala ba. Kujerar da aka sassaƙa domin zama tana iya zama wadda za a baƙanta a zuba wa hadaya bayan mai ita ya mutu, masassaƙin bai sani ba. Irin wannan sai ikilisiya ta zauna da mai sana'ar, da haƙuri, yadda Bulus ya bi da zancen naman da aka miƙa wa gumaka a 1 Korantiyawa 8 zuwa 10. Abin da bai kamata ba shi ne a hana mutum abincinsa da tsawa daga bagade, ba tare da an san aikinsa ba.

Littafin Dick da Turancin masana aka rubuta shi, ba kowa zai iya zama da shi ba. Amma malaman makarantun Littafi Mai Tsarki ya kamata su neme shi, musamman babi na biyu, su kuma fassara wa ɗalibansu tsarin wankin baki kafin su koyar da Ishaya 40 zuwa 46. Hukuncinsa a kan annabawa bai tsaya ba, amma shaidar da ya tara ta fi hukuncin daraja, gama ita ce ta nuna yadda kibiyar annabin ta sami wurinta. Firistocin Babila sun yi tambaya mai kyau: ƙaƙa Allah zai zauna tare da mu, alhali hannunmu bai isa ya kawo shi ba? Amsarsu ita ce a datse hannun a ɓoye gatarin. Amsar bishara ita ce Allah ya zo da kansa, ya ɗauki jiki, ya riƙe gizago a Nazarat. Saboda haka mai sana'a na iya barin hannuwansa a fili, ya ce ni na yi, ya gode wa wanda ya yi shi.